Kalma ɗaya tsakanin Rasha da maƙwabtanta ukku

Labarin tarihi da muka kawo muku a wannan fitowa daga nesa ya fito, daga arewacin Turai. Labari ne na ƙananan ƙasashe ukku, Estoniya da Latbiya da Lituwaniya, da babbar maƙwabciyarsu Rasha. Sama da shekara 30 ke nan ƙasashen nan suna neman hukumar Rasha ta fito fili ta faɗi kalma ɗaya. Kalmar ita ce "mamaya". Su sun ce a shekarar 1940 sojin Mosko sun mamaye su da ƙarfi, suka riƙe su wajen shekara 50. Hukumar Rasha ta ce a'a, da yardarsu suka shigo. Wani zai ce, ashe kalma ɗaya ta isa a yi ta gardama haka? To, mu bi labarin daga tushe, kowa ya auna da hankalinsa.

Ina ƙasashen suke?

Ƙasashen ukku suna jere ne a bakin wani teku da ake kira Baltik. Estoniya ce daga arewa, Latbiya a tsakiya, Lituwaniya daga kudu. Manyan biranensu su ne Talin da Riga da Bilniyus. In an haɗa su duka, kaɗan suka ɗara jihar Damagaram faɗi, mutanensu kuwa wajen miliyan 6 ne. Kowace da harshenta, kuma harsunan nan dabam suke da Rashanci. Yanki ne na dazuzzuka da tafkuna da sanyi mai tsanani. A da, yawancin mutanensa manoma ne da masu kiwon shanu da masunta. Daga gabas kuwa ga Rasha, wadda ta fi kowace ƙasa faɗi a duniya.

Sarakunan Rasha na da sun mulki wannan yanki sama da shekara 100. A 1917, ana cikin Yaƙin Duniya na Farko, aka tuɓe sarkin Rasha, daga baya ƴan kwaminis suka karɓi mulki. Da ƙasashen ukku suka ga haka, sai kowace ta yi shelar ƴancin kanta a 1918. Aka gwabza yaƙi. A 1920 sabuwar hukumar Mosko ta yi sulhu da su ɗaya bayan ɗaya. Ta sa hannu a takarda cewa ta saki ƙasashen nan har abada, ba ta da sauran haƙƙi a kansu.

Shekara 20 suka yi suna cin gashin kansu. Kowace da tutarta da kuɗinta da sojinta, yara kuma suna karatu da harshen gida. Aka rarraba gandayen manyan masu ƙasa ga ƙananan manoma. Man shanunsu har Ingila da Jamus ake kai shi. Mulkin nasu bai rasa aibi ba, don kafin 1935 duka ukkun sun koma hannun mutum ɗaya ɗaya da ba ya son adawa. Amma ko mene ne aibinsa, mulkin nasu ne, na ƴan ƙasa.

Takardar asiri

A 1922 Rasha ta haɗa wasu ƙasashe a ƙarƙashinta, aka sa wa haɗin suna Tarayyar Sobiyet, babban birninta Mosko. Wanda ya riƙe ta shekaru masu yawa shi ne Sitalin. A Jamus kuma Hitila ya hau mulki a 1933. Mutanen nan biyu abokan gaba ne, kowa ya sani. Saboda haka duniya ta yi mamaki ran 23 ga watan Agusta 1939, da aka ji ministocinsu na harakokin waje, Molotof da Ribentirof, sun sa hannu a Mosko cewa ba za su yaƙi juna ba.

Abin da aka buga a jaridu ke nan. Amma akwai wata ƴar takarda da aka haɗa da ita, wadda ba a nuna wa kowa ba. A cikinta ne suka raba ƙasashen da ke tsakaninsu. Finlan da Estoniya da Latbiya suka faɗa rabon Sitalin, Lituwaniya ta faɗa rabon Hitila, Folan kuwa aka tsaga ta biyu. Bayan wata guda suka gyara rabon, Lituwaniya ma ta koma wajen Sitalin. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga masu ƙasashen ba. Mu nan mun san irin wannan rabo. A 1890 Ingila da Faransa sun zauna a Turai sun ja layi daga Sayi, bakin kogin Isa, zuwa Barruwa, bakin tafkin Cadi, ba su tambayi Sarkin Musulmi ko Sarkin Damagaram ba.

Ran 1 ga Satumba 1939 Jamus ta auka wa Folan daga yamma. Ran 17 ga wata sojin Sobiyet suka shige ta daga gabas. Yaƙin Duniya na Biyu ya fara ke nan.

Yadda aka shiga

Sitalin bai tsaya ɓata lokaci ba. A watannin Satumba da Oktoba 1939 ya kirawo ministocin ƙasashen ukku Mosko. Ya ce su yarda ya ajiye soji a ƙasashensu, wai don taimakon juna. Estoniya ta karɓi soji 25,000, waɗanda suka fi nata sojin yawa. Lituwaniya ta karɓi 20,000. Latbiya ma ta karɓi nata. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Shugabannin sun ɗauka in sun ba da kaɗan za a bar musu saura. Finlan ita ce ta ƙi. Aka auka mata da yaƙi ran 30 ga Nuwamba 1939. Ta rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta da dubban samari, amma ta tsira da ƴancinta.

A tsakiyar watan Yuni 1940 hankalin duniya duk yana kan Faransa, don ran 14 ga wata sojin Hitila suka shiga Paris. A wannan rana ce Mosko ta aika wa Lituwaniya da wa'adi. Bayan kwana biyu ta aika wa Latbiya da Estoniya irinsa. Abin da wa'adin ya ce shi ne su sake gwamnati, su kuma buɗe iyaka soji su shigo iyakar yawan da Mosko ke so. Awoyi kaɗan aka ba su su ba da amsa. Ran 15 ga wata tankokin yaƙi suka shiga Lituwaniya, ran 17 suka shiga sauran biyun.

Sa'an nan aka shirya zaɓe ran 14 da 15 ga Yuli. Jerin ƴan takara guda ɗaya aka bari, kusan duk wani wanda ya so tsayawa aka soke sunansa. Wanda ya jefa ƙuri'a sai a buga masa hatimi a takardarsa ta shaida, watau wanda bai je ba za a gane shi. Aka ce sama da 90 cikin 100 sun zaɓi jerin nan. Ran 21 ga Yuli sababbin majalisun suka zauna, soji na ko'ina cikin gari, suka roƙi a karɓe su cikin Tarayyar Sobiyet. Daga 3 zuwa 6 ga Agusta aka karɓe su duka. Wannan roƙo shi ne "yardar" da hukumar Rasha ke magana a kai.

Shugaban Lituwaniya, Sumetona, ya gudu waje, ya mutu a Amurka a 1944. Na Latbiya, Ulmanis, an tafi da shi, ya mutu a kurkuku a 1942. Na Estoniya, Pats, ya mutu a tsare a Rasha a 1956.

Jiragen dare

Daren 14 ga Yuni 1941 aka yi ta buga ƙofofi a ƙasashen ukku. Soji da ƴan sandan ciki ne, da jerin sunaye a hannu. Aka ba mutane ɗan lokaci su ɗaure abin da za su iya ɗauka. Aka loda su a kamiyo zuwa tashar jirgin ƙasa, aka zuba su a taragun dabbobi. A tashar aka ware maza dabam, aka kai su sansanonin aikin tilas, inda da yawa suka mutu. Mata da yara da tsofaffi aka nufi Sibiriya da su, ƙasa mai nisa a gabas, inda sanyi ke daskarar da ruwa ya zama kamar dutse. An kwashe wajen mutum 10,000 daga Estoniya, 15,000 daga Latbiya, 17,000 daga Lituwaniya. Cikinsu akwai malaman lakwal da hafsoshi da ma'aikatan hukuma da manoma masu ɗan hali.

Cikin waɗanda aka kwashe akwai wata yarinya ƴar shekara 14 daga birnin Kaunas na Lituwaniya, sunanta Daliya Girinkebicute. An raba su da ubanta, bai komo ba. Ita da uwarta da ɗan'uwanta aka kai su wani tsibiri can ƙurewar arewa, bakin kogin Lena, inda rana ke yin makonni ba ta fito ba. Yunwa da sanyi suka kashe mutane da yawa a damuwar farko ta hunturun 1942. A 1949 ta gudo da uwarta suka komo Kaunas a ɓoye. Uwar ta rasu a 1950. Daliya ta zauna ta rubuta duk abin da idonta ya gani. Ta naɗe takardun, ta sa a kwalba mai faɗin baki, ta binne a lambun gidansu. Aka sake kama ta, aka mai da ita Sibiriya. Daga baya ta yi karatu ta zama likita, ta rasu a 1987. A 1991 aka tono kwalbar. Yanzu rubutun nan ya zama littafi, an juya shi cikin harsuna da dama.

Mako guda bayan kwasar 1941, Hitila ya warware alkawari, ya auka wa Tarayyar Sobiyet ran 22 ga Yuni. Jamusawa suka riƙe ƙasashen ukku shekara ukku, suka yi tasu ɓarnar, wadda za mu zo kanta. A 1944 sojin Sobiyet suka kore su daga yawancin yankin, suka sake zama. Dubban samari suka shiga daji da bindigogi, ana ce musu "ƴan'uwan daji". Sun yi ta faɗa har wajen 1953. A Lituwaniya kaɗai an kashe wajen 20,000 daga cikinsu.

Kwasa mafi girma ita ce ta 25 ga Maris 1949. Hukuma tana so kowane manomi ya ba da gonarsa da dabbobinsa su shiga gandun gwamnati da ake kira kolkoz, manoma kuwa sun ƙi. Cikin ƴan kwanaki aka kwashe mutum sama da 90,000, yawancinsu mata da yara daga ƙauyuka. Waɗanda suka rage suka tsorata. Kafin ƙarshen shekarar mafi yawan gonakin Estoniya da Latbiya sun shiga kolkoz. Sai bayan mutuwar Sitalin a 1953 aka fara sakin waɗanda suka rayu. Da yawa sun komo sun tarar da wasu a gidajensu.

A shekarun da suka biyo aka gina masana'antu, aka kawo ma'aikata masu yawa daga Rasha da sauran sassan Tarayyar. A 1935 ƴan asalin Latbiya sun kai 75 cikin 100 na mutanen ƙasarsu. A ƙidayar 1989 sun koma 52. Ƴan asalin Estoniya sun sauko daga 88 zuwa wajen 62.

Shekara 50 ana musu

Duk tsawon wannan lokaci Mosko tana cewa babu wata takardar asiri, ƙaryar maƙiya ce. Amma Jamusawa sun ɗauki hoton tasu takardar kafin ƙarshen yaƙi. Hoton ya faɗa hannun Ingila da Amurka a 1945, aka buga shi a Amurka a 1948. Amurka kuma tun ran 23 ga Yuli 1940 ta ce ba ta yarda da haɗiye ƙasashen nan ba, ta tsaya a kan haka har ƙarshe. Cikin Tarayyar Sobiyet kuwa, wanda ya ambaci takardar a fili yana iya ƙarewa a kurkuku. Yaro a lakwal ana koya masa cewa kakanninsa da murna suka shiga Tarayya. In ya komo gida, kakarsa ta faɗa masa wani labarin dabam, da murya ƙasa ƙasa.

A 1985 Gorbacof ya zama shugaba a Mosko, ya ɗan sassauta wa mutane su yi magana. Ran 23 ga Agusta 1987 jama'a suka taru a wani lambu a Talin, suna neman a fito da takardar. Bayan shekara biyu, ran 23 ga Agusta 1989, ranar da takardar ta cika shekara 50, aka yi wani abin mamaki. Mutum wajen miliyan 2 suka fito kan hanya da maraice suka riƙe hannun juna, daga Talin, ta Riga, har Bilniyus. Tsawon layin ya wuce kilomita 600, kusan nisan Yamai zuwa Maraɗi. Babu bindiga, babu jifa. Da tsofaffin da suka komo daga Sibiriya da jikokinsu duk suna cikin layin.

Ranar da Mosko ta faɗi rabin gaskiya

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran 24 ga Disamba 1989 babbar majalisar wakilan Tarayyar Sobiyet ta yarda cewa an yi takardar asirin. Ta la'ance ta, ta ce ba ta da ƙarfin doka tun daga ranar da aka sa mata hannu. A 1992 aka fito da ainihin takardar daga ma'ajiyar hukuma a Mosko. Amma majalisar nan ta tsaya ne a kan 1939. Ba ta ce abin da aka yi a 1940 mamaya ne ba.

Lituwaniya ta yi shelar maido da ƴancinta ran 11 ga Maris 1990. Ran 13 ga Janairu 1991 sojin Sobiyet suka auka wa jama'ar da ke tsaron hasumiyar telebijin a Bilniyus, mutum 14 suka mutu. A wannan lokaci shugaban Rasha, Yelsin, yana goyon bayan ƙasashen ukku. Ran 29 ga Yuli 1991 ya sa hannu a wata yarjejeniya da Lituwaniya, wadda a farkonta aka rubuta cewa haɗiye Lituwaniya da aka yi a 1940 ya keta ƴancinta. Estoniya da Latbiya suka yi tasu shelar a watan Agusta. Ran 6 ga Satumba 1991 Mosko ta amince da ƴancin duka ukku, ran 17 ga wata suka shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. A Disamba Tarayyar Sobiyet ta rushe, Rasha ta gaje ta. Sojin Rasha sun bar Lituwaniya a 1993, sun bar Latbiya da Estoniya a 1994.

Abin da ake nema, da amsar Rasha

Tun daga nan kiran ya fara ƙarfi. Ƙasashen ukku suka ce, tun da Rasha ta gaji kujerar Tarayyar Sobiyet a Majalisar Ɗinkin Duniya da makamanta, to ta gaji alhakinta ma. A shekarar 2000 majalisar Lituwaniya ta yi doka cewa gwamnati ta nemi diyya. A 2004 duka ukkun suka shiga ƙungiyar tsaro ta NATO da Tarayyar Turai, abin da bai yi wa Mosko daɗi ba.

Gardamar ta yi zafi a 2005. Ran 9 ga Mayu Rasha ta yi babban bikin cika shekara 60 da cin Jamus da yaƙi, ta gayyaci shugabannin duniya. Shugabannin Estoniya da Lituwaniya suka ƙi zuwa. Shugabar Latbiya ta je, amma ta faɗa a fili cewa ga mutanenta ranar nan ƙarshen wata mamaya ce kuma farkon wata. A wannan shekara majalisar dokokin Amurka ta yi kira ga Rasha ta amsa cewa an yi mamaya, ta kuma la'ance ta. Shugaba Putin ya ce an riga an yi wannan magana a 1989, ba za a riƙa maimaita ta kowace shekara ba. Da Latbiya ta tuno da takardar 1920 da wani yanki da aka yanke mata a ƙarshen yaƙi, sai ya ce kunnen mushen jaki za su samu. Latbiya ta haƙura da yankin, aka sa hannu a kan iyaka a 2007. A 2020 Putin ya rubuta cewa ƙasashen sun shigo ne bisa yarjejeniya, da yardar hukumominsu zaɓaɓɓu.

Adalci ne mu ji hujjojin Rasha. Ta ce ba a yi shelar yaƙi a 1940 ba, soji sun shiga ne da takarda. Ta ce mutanen Sobiyet wajen miliyan 27 suka mutu wajen karya Hitila, ba za ta bari a kira waɗannan matattu ƴan mamaya ba. Ta ce an gina masana'antu da tashoshin jiragen ruwa da gidaje a ƙasashen. Ta ce Rashawa ma sun sha azabar Sitalin, shi kansa kuma mutumin Jojiya ne. Akwai kuma tsoron diyya, don wanda ya amsa laifi yau, gobe za a kawo masa lissafi.

Masu kiran sun ce duk sun ji. Sun ce ba wanda ya musa jinin da aka zubar wajen korar Hitila, amma wanda ya kore maka ɓarawo bai kamata ya zauna a gidanka shekara 45 ba. Sun ce sa hannun da aka yi da bindiga a kai ba yarda ba ce. Abin da ya fi damunsu shi ne gobe. In da yarda suka shiga, wata rana wani yana iya cewa fitarsu ce ba ta kan doka. A 2015 ma wasu ƴan majalisar Rasha biyu sun nemi a sake duba ko amincewar 1991 tana bisa doka. Da Rasha ta karɓe yankin Kirimiya daga Yukiren a 2014, ta kuma shiga Yukiren da babban yaƙi a 2022, tsoron ya ƙaru.

Cikin Rasha ma akwai masu neman a faɗi gaskiya. Wata ƙungiya mai suna Memoriyal ta yi sama da shekara 30 tana tara sunayen waɗanda aka kashe ko aka kwashe a zamanin Sobiyet, har ta tara wajen miliyan 3. Kotu ta rufe ta a Disamba 2021. A 2022 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Laifi tudu ne

Su ma masu kiran akwai abin da ake nema su amsa. Lokacin da Jamusawa suka riƙe yankin, an kashe Yahudawan Lituwaniya wajen 195,000, watau sama da 9 cikin kowane 10, da na Latbiya wajen 70,000. Jamusawa ne suka shirya kisan, amma wasu ƴan ƙasa sun taya su, har da harbi. An daɗe ana jin nauyin faɗin haka. A watan Maris 1995 shugaban Lituwaniya, Barazauskas, ya tsaya a majalisar Isra'ila ya nemi gafara saboda ƴan ƙasarsa da suka sa hannu a kisan.

Sai kuma maganar Rashawan da suka zo aiki a zamanin Sobiyet, suka haihu a can. Bayan ƴanci, Latbiya da Estoniya sun ba da takardar ɗan ƙasa kai tsaye ga waɗanda ke da ita a 1940 da zuriyarsu kawai. A Latbiya mutum wajen 700,000 suka wayi gari ba su da ita. Wanda yake so sai ya ci jarrabawar harshe. Yawansu ya ragu sosai daga baya, kuma tun 2020 duk jaririn da irin waɗannan iyaye suka haifa a Latbiya ɗan ƙasa ne. Amma tambayar tana nan. Yaron da aka haifa a Riga a 1970, mene ne laifinsa a abin da aka yi a 1940?

An taɓa yi

Kada a ce babbar ƙasa ba ta amsa laifi. Ran 7 ga Disamba 1970 shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Wili Burant, ya je Warso, babban birnin Folan. Ya durƙusa a gaban dutsen tunawa da Yahudawan da Jamusawa suka kashe a can, alhali shi kansa ya yi gudun hijira daga mulkin Hitila. A ranar ya sa hannu cewa ƙasarsa ta yarda da iyakar Folan. Yau Jamus da Folan suna ƙungiya ɗaya, suna ciniki da juna.

Mosko ita ma ta taɓa yi. A 1940 ƴan sandan Sitalin sun harbe hafsoshi da ma'aikatan Folan wajen 22,000 a dajin Katin da wasu wurare. Shekara 50 ana ɗora wa Jamusawa laifin. Ran 13 ga Afrilu 1990 Mosko ta amsa cewa mutanenta ne, a 2010 kuma majalisar Rasha ta ce Sitalin ne ya ba da umurni. A 1992 Yelsin ya nemi afuwar mutanen Hangari saboda tankokin da aka tura musu a 1956. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya rage wa Rasha ko taƙi ɗaya na ƙasarta.

Abin da za mu ɗauka

Ƴan'uwa, kun san yadda ake sulhu a gaban mai gari in dabbobi sun shiga gona. Kafin a yi maganar dami nawa za a biya, tambayar farko ita ce, dabbobin nan naka ne ko ba naka ba ne? In mai dabbobi ya ce nawa ne, a yi haƙuri, sau da yawa mai gona yakan rage ko ya yafe. In ya ce ai kai ka buɗe musu shinge da hannunka, to ko an tashi taro, gaba ba ta tashi ba. Mai gona zai kwana da ido ɗaya, don ya san wanda bai ga laifin jiya ba yana iya sakewa gobe. Nauyin kalmar "mamaya" ke nan ga mutanen Estoniya da Latbiya da Lituwaniya. Yawancin waɗanda suka yi aikin 1940 da 1949 sun mutu, amsa laifi kuma ba ya ta da matattu. Amfaninsa ga masu rai ne, maƙwabci ya san inda maƙwabcinsa ya tsaya.

Ku lura kuma da abin da ya hana wannan labari ɓacewa. Takardar 1920 tana nan. Takardar asiri ta 1939 an yi musunta shekara 50, ta fito. Jerin sunayen waɗanda aka loda a taragu suna nan a ajiye. Rubutun yarinyar nan ya yi shekara 40 a ƙasa cikin kwalba, aka tono shi ana iya karantawa. Tsofaffinmu ma suna da abin da suka gani da abin da iyayensu suka faɗa musu, na zamanin zuwan Nasara da aikin tilas da shekarun yunwa. Wanda ya iya riƙe alƙalami a cikinku, ya zauna kusa da su ya rubuta, da sunan gari da shekara, tun suna nan.

Don hira a aji

1. Me ya sa mutanen ƙasashen ukku ba su ɗauki zaɓen 1940 a matsayin yarda ba?
2. Wace hujja ta Rasha kuka ga tana da nauyi, wace ce ba ta da shi?
3. Jikan da bai ga abin da kakansa ya yi ba, ya kamata ya nemi gafara a madadinsa?